Wanda Ya Yanka Kofunan Kwali

Matar da ake kira Uwar Lambu ta ɗaga buhun da ke rufe rumfar ƙarshe, bokitin ban ruwa a hannunta, ta tarar da wurin fayau. Dashen mangwaron da ta bari a jere jiya da yamma babu ko ɗaya, sai zagayen danshi da gindin kowane kofi ya bari a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Bokitin ne ya suɓuce mata, ƙararsa ta kira maƙwabta.

Ba mangwaro ne irin na kowa ba. Mijinta ne ya aurar da su da hannunsa, da rassan tsohuwar bishiyar gidan iyayensa wadda aikin titi ya cinye. Bishiyar ta tafi, shi ma bai daɗe ba ya bi bayanta. Abin da ya rage na su biyun shi ne dashen nan.

Kafin a kira Mai Sawu, unguwa ta riga ta gama shari'a. An tsinci kofunan da dashen ke ciki a jibgin tsofaffin takardu da ke bayan shagon Mai Kwali. Shi Mai Kwalin baƙo ne a unguwar. Tsofaffin kwalaye yake jiƙawa ya dama, ya yi kiret ɗin ƙwai da kofunan rainon dashe, kuma tun zuwansa unguwar, lambun ya daina amfani da baƙar leda. Yana da makullin ƙaramar ƙofar lambu saboda kawo kaya. Baƙo, ga makulli, ga kofuna a bayan shagonsa. Mutane ba su ga abin da ya rage a tambaya ba.

Mai Sawu ya iso yana ɗingisa gwiwarsa ta dama. Ƙuruciyarsa duk a gandun daji ta ƙare, yana bin sawun dabbobi da na masu satarsu, yanzu kuma unguwa ke nemansa in akuya ta ɓata ko an haura katanga. Abin da ya fara gani ba kofuna ba ne, jarkar fetur ce a hannun wani ƙato, a ƙofar shagon da aka cika da busasshiyar takarda har rufi. Ta tagar ɗakin baya matar Mai Kwali tana leƙowa da jariri a kafaɗa.

"Ajiye wannan," in ji shi.

Mai Leda, wanda cinikinsa ya ja baya tun zuwan baƙon, shi ne a gaba. Ya ce, "Baba, ai magana ta fito fili. Ya faɗi inda ya kai su, ko mu nuna masa kwali ba ya son wuta."

"Ku ba ni zuwa yamma. In ban kawo muku mai laifi ba, ku kira 'yan sanda."

Ba wanda ya amsa maganar 'yan sanda. Ƙaton ya ajiye jarkar, amma ya zauna a kanta.

*

A cikin lambu ya tarar da Baffa, yayan marigayin, zaune kan bulo yana gyara farce da rezar da ba ta barin aljihun gaban rigarsa. Tare suka taso da Mai Sawu tun suna yawo ba takalmi. Baffa ya yi rayuwarsa a lambun nan kafin ciwon baya ya zaunar da shi, kuma bai taɓa jin magana ya bar ta ta wuce ba gardama ba.

"Sunkuyau, ka zo shinshine-shinshinen naka?" in ji Baffa.

"Na zo, Sarkin Gardama. Tashi ka riƙe mini jaka, tun da ba ka da aiki."

Ƙafafun 'yan kallo sun tattake komai. Sai a gefen rumfar, inda ruwan famfo ke ɗiga, Mai Sawu ya ga layin tayar baro da rabin dunduniya guda, wadda mai ita ke ɗan ja kafin ya ɗaga. Ya daɗe a tsugune a kanta. Ya ce wa kansa masu jan ƙafa suna da yawa a duniya, ya miƙe.

Uwar Lambu ta amsa tambayoyinsa ba tare da ta kalle shi ba. Wani mai gona daga nesa ne zai zo ya kwashi dashen a makon nan. Makullai uku ne: nata, na Mai Kwali, da na Direba mai kai kaya.

"Sai tsohon na maigidan," ta ce, "amma wannan tun rasuwarsa ban san inda ya shiga ba."

"Direban nan nake zargi," in ji Baffa da sauri. "An ga motarsa da sassafe."

Gaskiya an gan ta. Sawun tayarta na nan a bakin ƙofa, ta yi gaba ta yi baya, ta karkace, ta kusa shafar katanga. Suka samu Direba a gareji. Da farko ya rantse bai fito ba. Da Mai Sawu ya ce masa mai tuƙin nan ko dai ya sha wani abu ko kuma jiya ya fara taɓa sitiyari, sai Direba ya sunkuyar da kai.

"Matata nake koya wa mota, Baba. Da sassafe muke fita kafin 'yan gareji su gani su ishe ni da tsiya. Don Allah kada ta fita."

Bayan motar a share yake, babu ƙwayar ƙasa. Mai Sawu ya ce masa ya zo lambu da yamma.

*

Shagon Mai Kwali yana warin jiƙaƙƙiyar takarda. Kiret-kiret a jere har sama, kofuna cikin juna kamar hulunan kasuwa. Mutumin yana tsaye a tsakiya, yana jin hayaniyar waje.

"Baba, kowa na zubar da takarda a bayan nan. Ni na roƙe su ma, don kada su ƙona. Ban san wanda ya kawo waɗannan ba."

Mai Sawu ya sa aka shigo da kofunan. Nan ya ga abin da masu ihu ba su tsaya gani ba. Ba watsar da su aka yi ba. An shimfiɗe su ɗaya kan ɗaya, an naɗe, an ɗaure da zare tsaf. Ya kwance ya ɗauki guda. An tsaga shi da abu mai kaifi daga baki zuwa gindi, layi ɗaya miƙaƙƙe, sannan an zagaye gindin an cire. Ya duba na biyu, ya duba na uku. Duk yanka iri ɗaya.

Mai Kwali ya karɓi ɗaya, fuskarsa ta canza. Tsoron ya kau, ɓacin rai ya maye gurbinsa.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki? Ai ba a cirewa! Da kofin ake dasawa. Saiwa tana huda shi ta wuce, damina guda ya ruɓe ya zama ƙasa. Shi ya sa nake yin sa." Ya juya cikin kwalin zuwa haske. "Duba, Baba."

Wasu fararen zare sirara sun manne a jikin takardar, da yawa, duk a tsinke.

"Saiwoyin shan ruwa ke nan. Sun riga sun shiga jikin kwalin. Wanda ya ɓare shi ya ɓare su, ƙasar ma ta wargaje. In rana ta buge su a haka, sai dai wani ikon Allah."

Mai Sawu ya jira gardama daga bayansa. Watanni ke nan Baffa na cewa saiwa ba ta son a kulle ta a ɗaki, leda ko kwali duk ɗaya ne, a cire kawai. Wannan karon bai ce uffan ba. Ya yi tari, ya ajiye jakar, ya ce lokacin shan maganinsa ya yi, ya fita ta ƙofar baya.

A bayan shagon akwai wani sawu da ya maimaitu, na takalmi mai faɗin baki. Mai Sawu ya bi shi har rumfar Mai Leda, ya kira shi gefe.

"Me kake zuwa yi bayan shagon mutumin da kake son a ƙona?"

Mai Leda ya yi tsalle ya dire, ya ce ƙazafi ne. Mai Sawu ya ɗaga buhun da ke ƙarƙashin teburin Mai Leda. Sababbin kiret ɗin ƙwai ne na kwali.

"Na uwar 'ya'yana ne," in ji Mai Leda a hankali. "Kaji take kiwo. A leda rabin ƙwan ke fashewa kafin a kai kasuwa. Ta baya nake zuwa saye. Baba, in aka ji, da wane ido zan kalli masu sayen kayana?"

"Da idon da ka kalli jaririn can ta taga. Ka zo lambu da yamma."

*

Rana ta take lokacin da ya koma kan tayar baro shi kaɗai. Daga ƙofar lambu ta hau kwalta ta ɓace. Bai nemi ta a kan kwalta ba. Ya bi gefen titi yana duba inda mai ciwon jiki zai tsaya ya huta da kaya masu nauyi. A gindin wata fitilar titi ya ga inda ƙafafun baro biyu suka nutse. Gaba kaɗan ya sake gani. Tazarar hutun tana raguwa, mai turawar yana gajiya. Hanyar kuma ya san ta, domin ita ce ke zuwa tsohon filin gidan su marigayi, wanda titi ya cinye rabinsa.

A inda hanyar ta gangara, tayar ta yi tuntuɓe da dutse. Ya leƙa lambatun da ke gefe. Can ƙasa, cikin inuwar kwalbati, wani abu kore yana kwance.

Ya sauka da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Dashen mangwaro ne guda, da zaren da marigayi ya ɗaure wurin auren reshe a jikinsa. Ya faɗo daga baro ya gangara har ƙasa. Kofin ya lotsa ta gefe ɗaya amma bai fashe ba, ya riƙe ƙasar gam, har yanzu da sanyin danshi a jikinsa. Ganyen a miƙe suke.

Ya hau ya hango filin daga nesa. Akwai mutum a ciki, a durƙushe, yana bin layin sabon dashe da gwangwanin ruwa, yana tashi yana jan ƙafa. Mai Sawu bai ƙarasa ba. Ya tsaya a bayan wata katanga, ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi a kan ɓarawo ba. Ya fi son a ce idonsa ne ya tsufa. Ya sa dashen a jaka a hankali, ya juya.

Zai iya zuwa ya faɗi suna. Amma ya san unguwarsa. Baffa nasu ne, baƙo kuwa baƙo ne, za su ce tsufa ya sa Mai Sawu ruɗewa, ko Mai Kwali ne ya kai dashen filin don ya shafa wa dattijo. Jarkar kuma tana nan inda take.

*

Da yamma lambun ya cika. Ƙaton ya taho da jarkarsa, ya dire ta a bakin ƙofa inda kowa zai gani. An kawo Mai Kwali a tsakiyar mutum biyu, matarsa na biye da jariri, ba wanda ya matsa mata ta zauna. Baffa ya shigo a ƙarshe, fuskarsa ta yi fari, ya nemi bulonsa ya zauna.

Mai Sawu ya sa aka haƙa ramuka huɗu. Ya roƙi Uwar Lambu dashen gwaiba huɗu a kofunansu.

"Ba tambaya zan yi ba," ya ce. "Kowa ya dasa mini guda."

"Wasa ka tara mu yi?" wani ya faɗa daga baya. "Rana na faɗuwa!"

Mai Kwali ya durƙusa ya sa nasa da kofin, ya tura ƙasa. Direba ma haka, yana cewa kullum sai ya faɗa wa masu saye kada su cire, har ya haddace. Mai Leda ya juya nasa ya rasa ta inda zai fara, ya kama baki ya yage shi da farce, ƙasa ta zube masa a takalmi. Wasu suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

Saura rami ɗaya. Mai Sawu ya ɗauki dashe na huɗu ya taka har gaban bulo.

"Sarkin Gardama, yaran nan ba su iya ba. Nuna musu yadda ake yi."

Baffa ya karɓa. Hannun da ya shekara da shekaru yana cire leda bai jira izini ba, kafin ya ankara reza ta fito daga aljihu tana kan bakin kofin. Nan ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli abokinsa, ya gane. Ya kalli jarkar. Ya kalli matar da ke jijjiga jariri a tsaye.

Zai iya mayar da rezar aljihu. Mai Sawu ya ga tunanin ya gifta masa a fuska.

Baffa ya sauke ido, ya ja rezar a hankali daga baki zuwa gindi, layi ɗaya. Ya zagaye gindin ya cire. Ya shimfiɗe kwalin a kan gwiwarsa ya lallatsa shi da tafin hannu. Mai Sawu ya zaro guda daga ɗaurin da aka tsinta, ya ɗora a kai. Ko makaho ya shafa zai ce hannu ɗaya ne.

"Ɓarawo jefar da shara yake yi ya gudu," in ji Mai Sawu. "Wannan tattarawa ya yi ya ɗaure, ya kai inda ake ajiye takarda. Mutumin da bai taɓa barin leda ko guda a gona ba, don kada akuyar wani ta ci ta mutu."

"Yaya?" in ji Uwar Lambu. "Kai?"

"Ni ne." Baffa bai ɗago ba. "Makullinsa na wurina. Na ji za a kwashe su a kai wata ƙasa, bishiyar da uwarmu ta shuka, aikin hannun ƙanena. Na ce gara su koma filinmu. Ban kai kofunan can don a zargi bawan Allahn nan ba, wallahi, wurin takarda na kai takarda. Da gari ya waye na ga jarka, na ce bari in ga sun kama tukuna, sai in yi magana da bakina. Na je filin da rana. Duk sun sunkuya. Na zuba ruwa, na zuba, ba wanda ya ɗago. Daga nan kuma bakin ya ƙi buɗuwa."

Uwar Lambu ta dafa sandar rumfa.

"Layin farko naka ne, Yaya. Shi ya ce in sun yi ƙwari in kai maka filin da kaina. Ragowar kawai na sayar. Jira nake mai gonar ya kwashi nasa in kira ka."

Baffa ya rufe fuska da kwalin da ke hannunsa. Ba wanda ya taɓa jin kukansa a unguwar, kuma ba wanda ya so ya ji.

Mai Sawu ya juya wajen ƙofa. Ƙaton ya riga ya janye jarkar bayan ƙafarsa, kamar ba da ita ya zo ba. Mutanen da ke riƙe da Mai Kwali suka sake shi, ɗaya har yana kakkaɓe masa kafaɗa. Wata tsohuwa ta tashi ta ba matarsa kujera. Matar ta kalle ta, ta ci gaba da tsayuwa.

Sai Mai Sawu ya buɗe jakarsa ya fito da dashen mangwaron.

"Wannan ya faɗo maka a gangare. Shi kaɗai rezarka ba ta samu ba."

Uwar Lambu ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa zaren da mijinta ya ɗaura, ta shafa lotsattsen kofin. Ta daɗe tana kallon rami na huɗu da ke nan a buɗe. Sannan ta miƙa wa Baffa dashen, ta buɗe ɗaya tafin hannun a gabansa. Ya gane, ya ɗora mata rezar.

Ya durƙusa a bakin ramin da ƙyar, yana riƙe da kofin kamar zai fashe. Yatsunsa suna ta neman inda za su ɓare. Ya waiga yana neman wani a cikin taron, ba abokinsa ba, ba matar ƙanensa ba. Mutumin da ya bari a gaban wuta tun safe yake nema.

"Ɗana," ya ce, "haka zan sa shi? Da kwalin?"

Mai Kwali ya dubi matarsa, ya dubi jaririn. Sannan ya tako ya tsuguna a ɗaya gefen ramin, ya tallafi gindin kofin da hannunsa.

"Haka, Baba. Sake shi kawai."